Layin da ban ja ba

Assalamu alaikum. Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram. Sama da shekara 25 ke nan ina shan ƙurar alli, kusan 10 daga ciki ina darakta. Kwanakin baya wata yarinya da aka turo mana sabuwa ta same ni a ofis ta ce, "Madan, yaya ake yi a zama darakta?" Na lissafa mata takardu da jarrabawa da shekarun aiki, ta yi godiya ta fita. Daren nan barci ya ƙi zuwa, domin na san amsar takarda na ba ta. Ainihin hanyar da na bi ban taɓa faɗa wa wani malami ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har da garuruwan da na zauna.

A Birni aka haife ni, tsakanin duwatsun nan, ba nisa da fadar Sarki. Babana baduku ne, jakunkuna da takalma yake ɗinki. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, an ɓoye yayata gidan gwaggonmu, ni aka miƙa, don ni ce mai ƙiriniyar da aka gaji da ita. A zamaninmu akwai sambol. Namu ƙashin kan akuya ne da aka zarga wa igiya. Duk wanda ya kuskura ya yi Hausa a aji sai a rataya masa, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani ya sauke a kansa, wanda ya kwana da shi kuwa da safe ya sha bulala. Abin da sambol ya koya mini shi ne in kama bakina. Na kai CE1, wato aji uku, ban san harafi ba, kuma ba wanda ya gane, saboda ina da hadda. In an buɗe shafi na ga hoton, sai in zubo karatun tiryan-tiryan. Ranar da asirina ya tonu, wani mushe ne, malaminmu, ya sa tafin hannunsa ya rufe hoton, ya ce in karanta. Na yi tsuru-tsuru, na miƙa hannu ina jiran bulala. Bai buge ni ba. Wata uku yana riƙe ni lokacin da sauran yara suke fita shan iska, yana nuna mini baƙi ɗaya-ɗaya a kan allona. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Shekarun kwaleji ba abin da zan daɗe a kansu. Yajin aiki ne yau, gobe yajin ɗalibai, malamai na bin gwamnati albashin watanni. A 1994 aka karya darajar sefa, kayan masarufi suka tashi, sana'ar Baba ta ja baya, bayan shekara biyu kuma Allah ya yi masa cikawa. Sai a zama na biyu na samu BEPC, takardar gama kwaleji. Burina aikin likita ne, in zama ungozoma, amma ba mai ɗaukar nauyi. Ana nan sai gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka koma kira ƴan kwantaragi. Na kai takarduna a 1999. Gaskiya ɗaya ce, ba son koyarwa ya kai ni ba. Inna ce ke tuyar ƙosai tana ciyar da mu shida, aka kuma ce ana ba da jika 35 a wata.

Horon da aka yi mana bai kai wata biyu ba, aka tura ni wani ƙauye a Damargu, gaba da Tanut. Motar ƴan kasuwa ta sauke ni a bakin hanya da katifata da kwalla ɗaya, amalanken shanu ya ƙarasa da ni. Na tambayi ina ajina, darakta ya nuna mini fili fetal, ya ce, "Ga shi nan, sai an gama girbi." A lokacin na san cewa ajin zana ba ya tsayuwa sai kara ya samu. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, mu sai cikin Nuwamba muke shiga aji, ruwan farko kuma da ya sauka a watan Yuni ya tashe mu. Yara fiye da 80 a ƙasa kan buhunna, wasu Hausa suke ji, wasu Buzanci ko Fulatanci, ni kuma an ce in koyar da su da Faransancin da ni kaina a tsorace nake yin sa. Kuɗin nan jika 35 sai an je gari ake karɓa, wani lokaci a yi wata uku ba labari. Mai tebur ɗin ƙauyen yana da littafi na musamman na bashin malamai. Na yi duka a shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Duk ranar da darasi ya kuɓuce mini, a jikin yara nake hucewa.

Daraktan nan dattijo ne, saura kaɗan ya yi ritaya. Shi ya koya mini rajistar kiran suna. Wanda bai taɓa riƙe ta ba, ga yadda take: suna a hagu, kwanakin wata a jere a sama, kowane yaro da ɗan gurbinsa na kowace rana. In bai zo da safe ba, ka ja layi a kwance. In bai zo da yamma ba, ka ja a tsaye. In ya wuni bai zo ba, layukan biyu su gitta juna. Wanda ya zo kuwa ba a rubuta masa kome, gurbinsa fari ake barin sa. Dattijon nan kowace Juma'a sai ya karɓi rajistocinmu ya bi su da yatsa, in ya ga layi ya yi yawa gaban suna ɗaya sai ya ɗaga kai ya ce, "Madan, ɗan gidan wane ne wannan? Kin je?" A lokacin gani nake neman magana ne kawai irin na tsofaffi.

Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, ga fara ta sauka, 2005 ta zo da yunwar da duk ɗan jihar nan ya sani. Na ga mata suna jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita. Gida-gida aka riƙa rufewa, mutane na gangarawa kudu, har Najeriya. Rajistata ta cika da layuka, shafi ya koma kamar saƙar raga. A ranin shekarar ne kuma na rasa ɗana na fari. Zazzaɓi ne ya kama shi da dare, wuyansa ya sanƙare, muka ɗora shi a amalanke za mu likita, bai kai bakin hanya ba. Mijina yana Damagaram yana sana'arsa, sai bayan an rufe yaron ya iso. Bai taɓa cewa laifina ne ba, amma tun daga ranar zancenmu ya koma gaisuwa. Ya ce in bar aikin in dawo gida, na ce in na bari wa zai riƙe Inna. A 2007 auren ya mutu, ba faɗa ba zagi.

Daga baya Allah ya sa na samu shiga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a nan gari. Nan ne na fara sanin cewa akwai dalilin da ya sa ake koya wa yaro sauti kafin harafi, kuma shirya darasi ba kwafe littafi ba ne. Na samu lambar ma'aikaciyar gwamnati, aka tura ni wani ƙauye a yankin Kance a 2011. A nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru.

Ƙasar Kance mutane sun yi wa gona yawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabon ta. To a shekarun nan wata hanya ta buɗe: mata su kwashi yara, nasu da na aro, su bi ta Damagaram, Agadas, Arlit, su tsallaka Aljeriya bara. Wadda ta je ta dawo sai ka ga ta sa kwano a ɗaki, ta sayi awaki, ta yi wa ɗiyarta kayan gara. Maƙwabciyarta na gani, ita ma sai ta fara ɗaure kaya. Ba a kiran abin da sunansa, "tafiya" kawai ake cewa.

Akwai wata yarinya a ajina, bahaguwa, mai wushirya, a layin gaba take zama. Na sha bugun hannun nan na hagu kafin in haƙura in ƙyale ta. Lissafi a wurinta kamar shan ruwa, kafin in gama rubuta tambaya a tabulo ta ɗaga allonta. Gab da babban hutun ƙarshen shekarar karatu na 2013 uwarta ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malama, in mun ɗan yi tafiya, kya riƙe mata wurinta?" Na san tafiyar da take nufi sarai. Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Iyakar abin da na ce ke nan. Ina sauri ne, na bar tukunya a wuta.

Da aka koma lakwal a Oktoba, yara uku a ajina ba su dawo ba, ita da wata yarinya da wani yaro. Rana ta farko na ja musu layi. Daraktanmu na lokacin ya gani, ya kira ni gefe ya ce, "Madan, bar musu gurbinsu, za su dawo." Ya yi mini bayani, kuma bayaninsa ba na banza ba ne. Rahoton farkon shekara zai tafi wurin sufeto. Da yawan yara ake raba malamai, da shi ake auna hatsin kantin, wato abincin da ake dafa wa yara a lakwal, da kayan karatu. In adadi ya faɗi, a ɗauke mana malami guda, a rage buhu, waɗanda suka zauna su ne za su ji a jikinsu. Ban taɓa ganin mutumin nan ya kai ƙwayar shinkafar yara gidansa ba, wannan shaida zan ba shi ko'ina. Amma ni ba don hatsin yara na yarda ba. Ina neman a maido ni gari kusa da Inna da ta fara rashin lafiya, kuma sai da sa hannunsa da makin da zai ba ni takardata za ta wuce. Ƙaryar kuma marar wahala ce, ba a ce in rubuta kome ba. In kira suna, a yi shiru, in wuce na gaba.

Ƙarshen watan nan, da dare, ina kwance da ƴar rediyota a kan ƙirji, na ji labarin. An tsinci gawar mutum 92 a cikin sahara gaba da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, kuma mafi yawansu daga yankinmu suka fito. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Kafin gari ya waye kuka ya tashi a ƙauyuka, kowa na lissafin nasa da suka tafi da ranar da aka yi magana da su ta ƙarshe.

Da safe na je aji tun kafin yara, na buɗe rajista. Gaban sunanta fari tas, mako uku cur. A takardar gwamnati, da hannuna, yarinyar nan tana zaune a layin gaba safe da yamma, duk kwanakin da ake cewa mutane na tafiya a ƙasa cikin rairayi suna neman rijiya. Na zauna a kan bencinta. Ban yi kuka ba, jikina ne ya ɗauki rawa kamar mai masassara.

Ita da uwarta ba su dawo ba. Bayan an gaji da jira danginsu suka yi musu addu'a, aka raba gumba. Na je gaisuwa ina jan ƙafa. Kakarta, tsohuwa da idonta ya fara dushewa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƴar nan, ke ce malamarta? Kullum sai ta ce Madan ta ce tana da kai." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na sha tambayar kaina ko layin da ban ja ba zai hana abin da Allah ya ƙaddara. Ba zai hana ba, sun riga sun yi nisa kafin a buɗe lakwal. Amma na san abin da dattijon Damargu zai yi. Zai ga layi ya jeru, ya ce "Kin je?", in je, in tarar da gida a rufe, in ji cewa akwai wasu gidaje huɗu da ke ɗaure kaya, a kai maganar gaban maigari da liman tun da sauran lokaci. Mu kuwa mun rufe ido, muka rubuta wa na sama cewa lafiya lau, kowa na nan. Kuma tun kafin rajista, akwai bakin rijiya, inda aka ba ni dama in ce "Bar mini ita a wurina har ki dawo", na zaɓi tukunyata.

Shekarar nan ban san yadda na ƙare ta ba. Barci ya gudu, na rame, aka auna ni aka ce hawan jini ina da shekara talatin da ƴan kai. In na zo kiran suna sai muryata ta sarƙe. Inna ta sa aka yi mini rubutu na sha, na kuma sha maganin likita. Da hutu na yanke shawarar barin aikin, har na karɓi atamfofi a hannun wata ƙawata mai zuwa Kano na fara kaiwa gidaje. Wata rana da dare na faɗa wa Inna duk abin da ya faru, ita ce mutum ta farko da na gaya wa. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, tana jan carbi. Can ta ce, "To in kin bari, wadda za a kawo madadinki ta san wannan abin da kika sani?" Ba ta ƙara ba, ta juya ta kwanta.

Tun kafin hutun nan akwai abin da na riga na yi. Mako guda bayan labarin, na ɗauki jan bik na koma baya, na ja wa yaran nan uku layinsu na kowace rana tun daga farkon Oktoba. Darakta ya gani ranar Juma'a, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce na mai da shi maƙaryaci a idon sufeto. Makin da ya ba ni a shekarar bai kai a maido ni gari ba. Inna ta rasu ina ƙauye, da waya aka faɗa mini. Wannan ciwon har yau yana nan, kuma ba zan ce muku na ji daɗin abin da gaskiyar ta jawo mini ba. Yaron nan na uku ya dawo cikin ayarin da aka fara kwasowa daga Aljeriya a ƙarshen 2014. Ya zauna wata biyu a aji, ya kasa, wanda ya saba riƙe kuɗi a hannu zaman benci yana yi masa wuya.

A 2015 aka ba ni darakta. Kada wani ya ɗauka lada ce aka saka mini. Lakwal ce mai aji huɗu a can cikin daji wadda duk wanda aka tura sai ya nemo hanyar zillewa, ni kuma ina da lamba, na ci jarrabawar ƙwarewa, ba miji ba ƙaramin yaro. A irin wannan lakwal darakta ba ya ajiye alli, ni ke riƙe da CM1 da CM2, aji biyar da shida, a rumfa ɗaya, in an tashi kuma in zauna aikin takardu da fitilar hannu. Darakta shi ne mai ƙirga alli, shi ne mai roƙon kara da ginshiƙai wurin iyaye, shi ne mai raba faɗan malami da matar maigidan da ya ba shi ɗaki. Malamai uku da na tarar duka maza ne ƴan kwantaragi, ɗaya ya girme ni. Wata guda suna ce mini "Madan" da wata irin murya da ke nufin "za mu gani".

Na tarar da suna 214 a takarda. Na bi aji-aji na ƙirga kai, na sake ƙirgawa mako biyu a jere, na bi gida-gida da shugaban kwamitin lakwal. Yara 151 ne. Akwai wadda ta yi aure har ta haihu, akwai wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce, sunansa na ta hawa aji yana bin ƴan uwansa. Na rubuta 151 na aika. Kafin ƙarshen zangon farko aka ɗauke mana malami ɗaya.

Maigari ya aiko a kira ni. Na tuɓe takalmi na durƙusa na yi gaisuwa, fada cike da dattawa. Ya ce, "Madan, waɗanda suka riga ki ƙara mana suke yi, ke kuma kin zo kina rage mana. Laifin me muka yi miki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban rage ko ɗaya ba. Ga sunayen 63 da babu su. In an ba ni su, gobe in rubuta, in je da ƙafata in roƙo a maido malamin." Na fara karanta sunayen da na iyayensu. Ban kai ashirin ba aka fara gyaran murya, domin iyayen suna zaune a wurin. Maigari ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ba a ba ni 63 ba. A shekarar yara 19 suka dawo, malamin kuma sai bayan shekara biyu aka maido shi. Tsakanin nan mu uku muka raba aji huɗu, kuma malaman ba su yafe mini da wuri ba.

Doka ɗaya na kafa: layi uku a jere, sai an taka zuwa gidan. In malami ba zai iya ba, ni zan je. Daga baya ƙungiyar iyaye mata ta karɓi rabin aikin, kuma sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba, don su ke jin wadda ta sayar da akuya ba dalili, ko wadda ta fara tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Wasu mun tare, wasu mun tarar da ƙofa da kwaɗo. Yara biyu sun zauna a ɗakina shekara guda har uwayensu suka dawo. A ƙarshen 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata har shekara 16. Na taɓa ɗaukar takardar na kai wa wani uba da ya karɓi kuɗin auren ɗiyarsa ƴar CM2. Ya saurare ni tsaf ya ce, "Malama, gwamnatin ce za ta ciyar da ita?" Liman ne ya shawo kansa aka ɗaga bikin, ba takardata ba. Wata kuma duk da liman ɗin an yi, ina ji ina gani.

A 2017 ɗin ne kuma aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa a duk ƙasa, abin da ya tada ƙura sosai da ƙungiyoyin malamai. Kafin ranar, kullum bayan isha'i sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, in yi musu dikte, wato shifta, mu yi rabawa da lissafin kashi, abin da ya kamata su koya wa ƴan CM. Nan ne girman kai ya faɗi, nawa da nasu, don akwai inda ni ma sai na duba littafi. Ɗaya ya tsallake, ɗaya bai kai ba. Wanda bai kai ba shi ne wanda yara suka fi so, shi ke bin su har gona. Ra'ayina a kan wannan jarrabawa har yau biyu ne. Gaskiya ta fito, akwai masu riƙe da alli da ba su iya abin da suke koyarwa ba. Amma wa ya ɗauke su, wa ya ba su aji bayan horon ƴan makonni? Ni ma da an yi mini irin ta a 1999, da yanzu ƙosai nake toyawa.

A 2019 aka maido ni Damagaram, wata babbar lakwal a gefen gari, aji 12, biyar daga ciki na zana. A nan an sauke mini aji, sai ofis. Matsalar gari daban ce. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram, in rani ya yi yaro sai ya kwana a layin famfo da jarka, ya zo aji ƙarfe tara yana gyangyaɗi. Na hana a bugi wanda ya makara saboda ruwa. Ƴan maza kuma in sun kai CM ga ƴan fale, gungun matasa ƴan daba, a bakin unguwa suna jan su. A Nuwamban 2021 da gobara ta cinye yara sama da 20 a azuzuwan zana a Maraɗi, washegari na kwashe ƙananan duka na maida su ajin siminti, manya suka koma rumfa, na sa aka buɗe wa kowace rumfa ƙofa biyu, na kori masu tuya daga jikin zana. Wata mai awara har yau ba ta gaishe ni.

Sai da na zauna a kujerar nan sosai na fahimci daraktan Kance. Bara waccan aka ce wasu masu taimako za su raba bencina gwargwadon yawan yara. Ina da yara sama da ɗari da ke zaune a ƙasa. Wata malama ta shigo da rajistarta, akwai suna bakwai da suka bar zuwa tun farkon shekara, ta ce, "Madan darakta, in cire su ko in bar su har a gama rabon?" Wallahi sai da na yi shiru mai tsawo. Bakwai a aji ɗaya, in an haɗa aji 12 benci nawa ke nan? Na ji bakina yana shirin cewa "bar su, za su dawo", da irin muryar da aka faɗa mini. Na ce ta ba ni rajistar. Na tambaye ta gidan su wa da wa ta je a cikin bakwai ɗin. Ba ta je ko ɗaya ba. Muka raba, ta ɗauki uku na ɗauki huɗu. Biyu sun dawo, biyar muka cire, bencin da aka ba mu kuma bai ishe mu ba, har yanzu ƴan CE1 rabinsu a kan buhu suke.

Na sake aure, ina da ƴa ɗaya, hawan jinin kuma muna tare, kullum da ƙwayata. Rajistar 2013 tana cikin akwatina. Ya kamata a ce tana ajiye a lakwal ɗin, na ɗauke ta ranar da zan bar garin, wannan ma laifi ne na sani.

Yarinyar da ta yi mini tambaya, jiya Juma'a na karɓi rajistarta. Tsaf take, rubutu kamar na inji. A shafin wannan wata akwai wani yaro ɗan CP, aji biyu, da layi ya gitta gabansa Laraba da Alhamis, jiya ma bai zo ba. Na tambaye ta ɗan gidan wane ne, ta ce ba ta sani ba tukuna, amma yara sun ce bayan duwatsu suke, wajen masu fasa tsakuwa. Na ce ta zo da takalmin da ba ta jin tausayinsa, gobe da hantsi za mu je tare.